Ciwon ƙoda: abin da ya canza, da abin da har yanzu muke makara a kai

Wata ranar asabar muna zaune da Kawuna a benci muna jiran layin wankin ƙoda a nan Garwa, sai ya miƙo min hannunsa na hagu yace "ɗan nan taɓa nan ka ji." Na ɗora yatsu biyu a kan jijiyar da ta kumbura kusa da wuyan hannun, sai na ji wani irin zirrr a ƙarƙashin fata kamar ka ɗora hannu a kan kyanwa tana gurnani. Har na janye hannu. Yayi dariya yace ai wannan shine ran nawa yanzu, duk safiya kafin alwala sai na taɓa, ranar da na ji yayi shiru sai a nemo moto mu ruga lopital. Fistil kenan, inda likita ya haɗe jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi domin ta yi ƙwari ta iya ɗaukar manyan alluran injin.

Shekara biyu da wani abu kenan ina raka shi, sau biyu a sati, kuma a wannan bencin na ji maganganu iri-iri. Wani yace maka wankin ne ma ke kashe mutum, wani yace Turawa sun gama gano magani ƙodar alade kawai ake sakawa, wata kuma ta rantse akwai mai saiwa a hanyar Pitowa da ya tashi mutum uku daga kan inji. Shi yasa na dinga tambayar dokta da infirmiyoyi har suka gaji da ni, na haɗa da karance-karance, ga abin da na fahimta.

Ita ƙoda matata ce. Kowace ɗaya tana da ƙananan matatai kusan miliyan 1, a rana su biyun suna tace ruwan jini kusan lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki su bar lita ɗaya da rabi haka ya fita a matsayin fitsari da dattin ciki. Ba tacewa kaɗai ba, ita ke daidaita gishiri da tansiyon, ita ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jini, ita ke gyara bitamin D saboda ƙashi. Matsalar ta ɗaya ce, haƙurinta yayi yawa. In matatai suka fara mutuwa sauran sai su ɗauki aikin su ninka, ba ciwo ba zazzaɓi, mutum yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa alhali fiye da rabi ya tafi. Kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Lokacin da ƙafa ta fara kumbura, abinci ya daina daɗi, amai da safe, ƙaiƙayi, numfashi na wahala in an kwanta, yawanci an riga an kai mataki na 5 wato aikin ƙodar ya faɗi ƙasa da 15 a ma'aunin da lafiyayye ke da 90 ko fiye.

Haka ta faru da Kawu. Direban babbar mota ne shekara da shekaru tsakanin Ngaundare da Kusiri, an taɓa ce masa yana da tansiyon ya sha magani wata ɗaya ya ji garau ya watsar, bayansa kuma kullum ciwo don haka diklofenak baya rabuwa da aljihunsa, na masu tebur ɗin nan na bakin tasha, biyu da safe biyu da dare da shayi. Da ƙafa ta kumbura aka ce sammu ne, aka yi wata uku ana jiƙe-jiƙe. Ranar da muka kai shi ko tsayuwa baya iyawa, a daren aka huda masa wuya aka saka kateter, wato tiyon da ake haɗawa da injin wanki.

Gwajin da zai iya kama abin shekaru kafin haka guda biyu ne kuma ba wasu masu tsada bane. Na jini, kireyatinin, wanda daga shi ake lissafa ƙarfin tacewar. Sai na fitsari, a duba ko furotin mai suna albumin yana zuba. Na biyun nan shi aka fi mantawa da shi alhali sau da yawa shi ke fara nunawa, tun kireyatinin yana nan lafiya lau. In ka ga fitsarinka yana kumfa kamar an kaɗa omo kuma kumfar bata saurin kwanciya, toh kar ka tsaya shawara da majalisa. Duk mai diyabet, mai tansiyon, mai sikila, mai ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta, ko wanda a gidansu an taɓa yin ciwon ƙoda, sau ɗaya a shekara ya kamata. A duniya ana ƙiyasta mutum kusan miliyan 850 ne ke da wani nau'i na ciwon ƙoda kuma mafi yawansu basu sani ba.

Mu a nan arewa muna da namu ƙarin kayan. Zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, mutum ya wuni a gonar auduga ko a kan moto yana zufa da ɗan ruwan leda ɗaya, ga azumi in ya faɗo a lokacin. Ga tsargiya a wuraren da ake wanka da noman rani, gefen Binuwai, Lagdo, gonakin shinkafar Yagwa, wadda in ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari ta kumbura ƙodar. Ga tsakuwar ƙoda. Ga magi da gishiri da kanwa a kowace tukunya. Ga mayukan bilicin da wasunsu ke ɗauke da sinadarin makuri. Ga uwa uba maganin gargajiya da ba a san awonsa ba, kuma ni ban ce duk ganye guba bane, amma wanda ƙodarsa ta riga ta raunana kofi ɗaya na abin da bai sani ba ya isa ya ƙarasa ta.

Akwai kuma wani abu da ya bani mamaki sosai da na fara jinsa. A 2010 masana suka gano wasu sauye-sauye a wata ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda kusan a jikin mutanen da asalinsu Afirka ne kawai ake samu, musamman ta yamma. Asalinsu kariya ce daga ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, wato kakanninmu da suke da shi sun tsira sun hayayyafa. Amma wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, haɗarin lalacewar ƙodarsa ya ninka. Ba kowa mai shi ke kamuwa ba, yawanci ma basa kamuwa, sai dai wannan yana cikin dalilan da yasa za ka ga saurayi ɗan shekara 30 a kan inji ba diyabet ba komai. Yanzu akwai wani magani inaxaplin da ake gwadawa musamman don wannan, sakamakon farko da aka fitar a 2023 ya nuna ya rage zubar furotin kusan rabi, ana kan babban gwaji. Bai shigo kasuwa ba tukuna.

Toh bari mu zo kan abin da ni a ganina shine ainihin ci gaban, wanda kuma ba a maganarsa a bencinmu saboda mu mun riga mun wuce wurin. Ƙwayoyi ne. Shekaru wajen ashirin likitoci basu da komai na rage gudun ciwon sai dangin enalapril da losartan, magungunan tansiyon da ke sassauta matsin cikin matatar su rage zubar furotin. Har gobe sune tushe, kuma suna da araha a farmasi. Sai aka zo aka yi wani maganin diyabet da aikinsa shine ya sa ƙoda ta zubar da suga ta fitsari, dangin da ake kira SGLT2, su dapagliflozin da empagliflozin da canagliflozin. Ana cikin bibiyar masu shansa sai aka lura ƙodarsu bata lalacewa da sauri kamar ta sauran. Aka shirya gwaji na musamman. Na 2019 da canagliflozin a kan masu diyabet. Na 2020 mai suna DAPA-CKD da mutum 4,304, haɗarin ƙodar ta faɗi sosai ko a kai ga inji ko a mutu ya ragu da kashi 39 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa saboda ba adalci bane a ci gaba da ba wasu ƙwayar bogi. Na 2022 EMPA-KIDNEY da mutum 6,609, ragin kashi 28. Abin da ya fi muhimmanci gare mu, a gwaje-gwajen biyu na ƙarshe an saka har da waɗanda basu da diyabet kwata-kwata kuma suma ya yi musu aiki. Ƙwaya ɗaya a rana.

Yadda yake aikin kuwa, gishiri da suga da yake hanawa a tsotse suna gangarawa ƙasa cikin bututun matatar, sai ƙodar ta ɗauka an yi mata yawa ta ɗan matse ƙofar shigar jini, matsin ya sauka, matatar ta samu sarari. Shi yasa a makonnin farko in aka sake analis za a ga lambar ta ɗan sauka kaɗan, mutane sai su tsorata su daina, alhali wannan alamar yana aiki ce. Yana da nasa sharuɗɗan fa. Suga a fitsari yana jawo ƙaiƙayin gaba musamman ga mata don haka sai da tsafta. Ranar da mutum ke gudawa ko amai ko zazzaɓin da ya hana shi ci da sha ana ajiye shi sai an warke. Maganar azumi da shi a zafin nan namu kuma sai an zauna da dokta, ba abin da mutum zai yanke wa kansa bane.

Bayan shi akwai finerenone da Amurka ta amince da shi a 2021 don masu diyabet da ƙodarsu ta taɓu, yana rage kumburi da tabon cikin ƙodar amma dole a dinga auna potasiyom a jini. Sai allurar semaglutide, ita ɗin dai da ake ta yayatawa ta rage ƙiba, a 2024 gwajin FLOW da mutum 3,533 ya nuna ta rage manyan matsalolin ƙoda da mutuwa da kashi 24. Wato mai diyabet a yau yana da magani kala huɗu da za a iya jera masa, abin da a zamanin da Kawu ya fara tansiyon ko a mafarki babu.

Sai dai fa kuɗi. Hukumar lafiya ta duniya ta saka dangin SGLT2 a jerin magungunan dole tun 2021, kamfanonin Indiya ma suna yin nasu mai sauƙi, amma ka shiga farmasi a Marwa ko Gidar da ordinans ɗinsa ka ji, wani wurin babu, wani wurin akwai amma na wata ɗaya ya isa ya girgiza albashin malamin makaranta. Semaglutide kam ba a magana, ga tsada ga buƙatar firigo a garin da kuran ke zuwa yana tafiya. Abin da ke cin raina kenan, an sauƙaƙa ƙarshen hanya an bar farkonta.

Don gaskiya an sauƙaƙa. Tun 2002 gwamnatin Kamaru ke tallafa wa wankin ƙoda, a da mara lafiya yana biyan sefa 5,000 duk zama. Sau biyu a sati, a shekara 520,000 kenan. Da aka ƙaddamar da shirin CSU, wato shirin gwamnati na kula da lafiyar kowa da kowa, a Afrilun 2023 sai ya koma sefa 15,000 na shekara gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa sayar da akuya don biyan zama biyu ya san wannan ba ƙaramin abu bane, Gwaggo har kuka tayi ranar. Cibiyoyi ma sun ƙaru, da Yawunde da Duwala ne kawai, yanzu akwai Garwa, akwai Marwa, akwai Ngaundare. Amma kuɗin inji ɗaya ne cikin goma. Akwai aikin fistil, akwai analis na wata-wata, maganin tansiyon kala uku, kalsiyom, ƙarfe, allurar ƙarin jini eritiropoyetin, in babu ita kuma sai leda-ledar jini da neman mai bayarwa. Ga kuɗin mota. Kawu dole ya baro garinsa ya tare a ɗakin zaurenmu, akwai wata baiwar Allah da ke tasowa daga wajen Tubboro, akwai waɗanda ke tsallakowa daga Chadi saboda ga mutumin kudancin Chadi wani lokacin nan ya fi masa Njamena sauƙi. Kuma mai wanki baya iya aikin ƙarfi, ga wanda ke raka shi shima ya bar nasa.

Shi injin ba wani sihiri bane. Jini yana fita ta allura ɗaya kusan mililita 300 a minti, ya bi ta cikin wani bututu mai dubban siraran zare masu rami, a wajen zaren kuma wani ruwa mai tsafta yana gudu ta ɗaya gefen yana janye datti da ruwan da ya taru, jinin ya dawo ta allura ta biyu. Awa 4. Zama ɗaya yana cin lita 120 na ruwan wankin, ban da wanda aka zubar wajen tace shi, don haka ranar da famfo ya ɗauke ko janareto ya ƙi tashi ko kayan aiki suka makale a hanya, magana ta lalace. Mun taɓa yin kwana tara ba wanki, ba zan faɗi inda laifin yake ba, amma na ga yadda Kawu yake kwana a zaune da filo uku saboda ruwa ya hau masa ƙirji. Tun 1945 Willem Kolff a Holan ya fara ceto rai da irin wannan inji, fistil kuma tun 1966, wato ginshiƙin abin tsoho ne. Ƙa'idar duniya zama uku a sati, mu biyu ake yi saboda injina basu kai mutane ba. Ka lissafa, awa 8 a sati a madadin ƙodar da ke aiki awa 168. Masu cewa wanki ke kashe mutum su duba nan, da kuma halin da ake kawo mutanen. Ba injin bane.

Sabon abu a ɓangaren inji shine wanda ake kira hemodiyafiltirasiyon, inda ake tura ruwa mai yawa, sama da lita 23 a zama, ta cikin matatar ana mayar da wani mai tsafta, sai ya kwashe manyan dattin da wankin yau da kullum ke bari. Gwajin CONVINCE na 2023 a Turai da mutum 1,360 ya nuna mace-mace sun ragu da kashi 23. Amma yana son ruwa mai tsananin tsafta da fistil mai ƙarfi. An kuma samu ƙwayoyin ƙarin jini na haɗiya irin su roxadustat da China ta fara amincewa da shi a 2018, basa buƙatar firigo, wanda a wurinmu wannan kaɗai abin dubawa ne. Har ƙaiƙayin nan da ke sa masu wanki su dinga susa da murfin biro an yi masa allura a 2021.

Wanda ni nake ganin ya kamata a ce ana maganarsa a nan shine wankin ciki. Ana saka siririn tiyo a ciki, mutum da kansa a gida ya zuba ruwan magani lita 2, ya bar shi wasu awanni, tantanin cikin ya yi aikin matata, ya zubar ya sake, sau uku zuwa huɗu a rana. Ba kuran ba inji ba tafiya. Tailan a 2008 ta mayar da shi zaɓin farko ga talakawanta. Matsalarsa jakunkunan ruwan nauyi ne da su kuma daga waje ake kawowa, kuma yana son ɗaki mai tsafta da wanke hannu na gaske, in ƙura ko ƙazanta ta shiga ciki ya kamu. Da ana haɗa ruwan a ƙasar nan da matar Tubboro bata kwana a tasha ba.

Dashe shine mafi kusa da warkewa, tun 1954 ake yinsa, kuma a Nuwamban 2021 an yi shi a babban asibitin Yawunde da ƙodar ɗan uwa mai rai, wanda da sai Indiya ko Tunisiya ko Faransa. Mutum na rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya in an tantance shi da kyau. Amma wanda aka dasa wa zai sha maganin hana jiki ƙin ta har ƙarshen rayuwarsa, ranar da kuɗin maganin ya yanke ƙodar tana iya tafiya. Maganar alade kuma da gaske ne an yi, a Maris 2024 a Boston aka dasa wa wani mutum mai rai ƙodar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin gado, ya rasu bayan kamar wata biyu, wata mata tata tayi kwana 130 aka cire, wani yayi kwana 271 ya koma kan inji. Gwaji ne, mutanen da aka yi wa basu da yawa, kuma kafin malamai su gama muhawarar halal ko larura akwai sauran tafiya mai nisa.

A gida dai abin da muke fama da shi ƙishirwa ce. Tunda fitsarin Kawu ya kusa tsayawa, ruwan da aka yarda ya sha a rana bai fi rabin lita da ɗan ƙari ba, har da kunu har da romo har da shayi, a garin da kwalta ke narkewa. Gwaggo ta koyi dabara, tana daskarar da ruwa a ƙananan leda ya dinga tsotsar ƙanƙara. Ayaba, dabino, tumatir mai yawa, dankali in ba an jiƙa an zubar da ruwan ba, duk an hana saboda potasiyom in ya taru zuciya yake tsayarwa ba sallama. Kilishi kuwa sai dai ƙamshi. Kafin a hau inji ana auna shi a sikeli, in ya ƙaru da kilo 4 infirmiyar nan mai faɗa sai ta kalle ni ni, wai ni ne nake saya masa folere a ɓoye. Sau ɗaya ne kawai.

Watan jiya na tattara 'ya'yansa uku da ƙaninsa na kai su aka yi musu tansiyon da fitsari da kireyatinin. Ƙanin ya yi ta mita a hanya wai lafiyarsa ƙalau ana ɓata masa ranar kasuwa. Nasa ne ya fito da furotin, tansiyon 17 wato 170. Dokta ya rubuta masa losartan yace a dawo bayan sati biyu a sake auna jini, in komai daidai a ƙara masa dapagliflozin. Da muka koma gida Kawu ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya duk da baya karanta faransanci, yace da ƙanin nasa "zo nan", ya kama hannunsa ya ɗora a kan fistil ɗin.